Shafa'atu da Masu Jiran Ajali

Shafa'atu na tsugune a tsakar gidansu da ke Jega tana wanke zannuwan gado, uwarta Dije ta zo ta tsaya a kanta riƙe da ƙugu.

"Waɗanga kuma na wa ne?"

"Na tsohuwar nan ta bayan kasuwa ne, Inna. Ba ta da mai wanke mata."

"Ke kuma don wanki aka haife ki! Ɗiya budurwa, saura wata biyu bikinki, ƙawayenki na zaɓen atamfa, ke kina bin gidajen masu mutuwa. Wallahi kin ishe ni!"

Shafa'atu ta ci gaba da wankinta, don faɗan ba na yau ba ne. Tun shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, wata tsohuwar nas mai suna Malama Hamsatu ta tara mata shida daga Islamiyya. Aikinsu shi ne zama da majinyatan da asibiti ya sallamo, aka ce a kai su gida a ci gaba da addu'a. Su yi musu wanka, su juya su, su karɓi masu jinya su samu su runtsa. Duk don Allah suke yi, kuma Shafa'atu, wadda ta shigo cikinsu daga baya, ita ce ƙaramarsu.

Ba ta gama shanya ba ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Imrana ne, saurayinta, manomin albasa daga Aliero. Tana shiga zaure ta ga fuskarsa ba yadda ta saba ba.

"Lafiya dai?"

"Da sauƙi. Innata ce." Ya sunkuyar da kai. "Ta je suna, mata suka ce mata duk gidan da kika shiga sai an fito da gawa. Wai farar ƙafa gare ki. Ta ce ko ki bar aikin nan, ko a bar maganar aure."

"Haba Imrana! To gidan masu lafiya mi zan je yi? Ai sai ciwo ya ci ƙarfin likita ake kiranmu!"

"Na sani, na faɗa mata har na gaji. Sori, Shafa. Ki ɗan dakata kawai har a ɗaura."

"In dakata? In je in ce wa tsohuwar bayan kasuwa ta jira da ciwonta sai an ɗaura mini aure?"

Ya juya ya nufi babur ɗinsa. Ita kuwa ta koma ciki tana kuka. Tana son Imrana kamar ranta, amma washegari sai ga ta a bayan kasuwa da zannuwanta a ka. Daga Aliero kuma aka yi gum, ba lefe ba aike.

Bayan mako uku Imrana ya dawo, duk ya zabge. Kakarsa, Iya Amariya ta Maiyama, mahaifiyar uwarsa Hajiya Kande, an dawo da ita daga asibitin Sakkwato. Ciwon daji ne, an ce ba sauran abin yi.

"Gefe guda take kwance, bayanta duk ya yi gyambo," in ji shi. "Inna na ɗura mata fura, tana shaƙewa. Ba roƙonki na zo yi ba, don Inna ta ce kada ki kuskura ki taka gidan. Na rasa wanda zan faɗa wa ne kawai."

Yana tafiya Dije ta fito daga bayan ƙyaure, ashe duk ta ji.

"Ke, ki nutsu! Tsohuwar nan tafiya za ta yi, da ke ko ba ke. In kika shiga ta cika, kin tabbatar musu da zancensu, aure kuwa ya mutu murus!"

"Na sani, Inna."

"Kin sani, kuma kike ɗaukar jaka?"

"Gyambon kwanciya na da zafi, Inna. Na sha gani."

Da hantsi ta sauka a Maiyama, jakarta ɗauke da auduga da sabulu da man kaɗe. Hajiya Kande na ganinta ta tare ƙofar ɗaki.

"Wa ya kira ki? Fita! Uwata ba ta shirya tafiya ba!"

Shafa'atu ta durƙusa har ƙasa. Kafin ta buɗe baki, tari ya sarƙe tsohuwar a ciki, irin mai tayar da hankali.

"Inna, ki bari in juya ta. In na gama ki kore ni."

Hajiya Kande ta waiga ga uwarta, ta waigo ga yarinyar, sai ta matsa gefe tana tsaki.

Shafa'atu ta tallabo tsohuwar, ta gyara mata kwanciya, ta wanke gyambon a hankali, ta sake shimfiɗa. Numfashi ya daidaita. Hajiya Kande ta jawo kwanon fura da ludayi.

"Don Allah Inna, a bar furar nan."

"Iye! Da yunwa kike so ki kashe mini ita? Uwar da ta ciyar da ni, in zauna in zuba mata ido?"

"Maƙoshinta ya daina karɓa, furar ƙirji take sauka. Ba yunwa take ji ba yanzu, ƙishi ne." Ta tsoma auduga a ruwa, ta miƙa mata. "Ki shafa mata a leɓe. Ke za ki yi, hannunki ta sani."

Hajiya Kande ta karɓa tana harara. Da audugar ta taɓa leɓen, tsohuwa ta tsotsa, ta buɗe ido, ta kira sunan ɗiyarta, karo na farko cikin kwana huɗu.

Da la'asar Hajiya Kande ta tambaye ta, ba tare da ta dube ta ba, "Za ta tashi?"

Da za ta yi ƙarya ɗaya, da komai ya gyaru a ranar. Amma Shafa'atu ta zaɓi gaskiya.

"Rai na hannun Allah, Inna. Amma a yadda na gani, ki aika 'yan'uwa su zo, ki nemi gafararta tun tana ji."

Kwana biyu Hajiya Kande ba ta amsa gaisuwarta ba. Ruwan alwala ma in ta kawo sai a ture. Shafa'atu ta shiga bayan rumbu ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma ɗaki. Sai dai an yi aiken. Daga Jiga Birni da Birnin Malam 'ya'ya da jikoki suka zo, kowa ya durƙusa aka yafi juna. Rana ta tara, bayan sallar azahar, Iya Amariya ta cika a cinyar ɗiyarta, tana bin kalmar shahada.

Ranar uku Shafa'atu ta ɗaure jakarta, ta riga ta haƙura da Imrana. Ta zo sallama cikin taron mata, sai wata baƙuwa daga Aliero ta ce, yadda kowa zai ji:

"Ba mun faɗa ba? Kwana tara da shigarta!"

Hajiya Kande ta ajiye carbi.

"Awo, kwana tara. Ke da kike da ƙafar arziki, ina kike a kwana taran? Wa ya wanke mata gyambo? Ni da na fito daga cikinta, da ludayi nake azabtar da ita ban sani ba!" Ta kamo hannun Shafa'atu. "Ajiye jakar nan, ɗiyata. In nawa lokacin ya zo, ke nake so a kaina."

Bayan arba'in aka kai lefe Jega. Dije na ɗaga atamfofi tana guɗa, sai ta tarar da zannuwan gado shida da ƙunshin auduga a ƙasan akwati. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce a kai ɗakin amarya, na aikinta ne.

Haka haƙurin Shafa'atu ya dawo mata da abin da ta sallama saboda Allah. Mai zama da majinyaci ba shi ke kawo ajali ba, taya ka ɗaukar nauyinsa ya zo yi. Kada ka zage shi, don watarana kai ma audugarsa za ka jira.