Layi na Uku

Da yammacin ranar Umma tana kan keken ɗinkinta tana kafa hannun riga, hasken taga yana ja da baya, ita kuma tana ƙara kusantar allura da ido don ƙyuyar tashi kunna fitila. A kusurwar falo mijinta ya duƙufa gaban kwamfutar gidan tun bayan la'asar. 'Yarsu tilo tana kwance rub da ciki a tsakaninsu, hannu yana aikin makaranta, baki yana nasa. Shekararta goma sha uku, kuma tun ba ta iya tafiya ba ake kiranta Aku saboda surutu.

Maigidan kuwa Injiniya ake ce masa a unguwa. Ma'aikacin ofis ne, amma duk abin da ke da noti a gidan sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Ba ya duka, ba ya zagi. Magana ɗaya zai faɗa maka a hankali, ka yi kwanaki tana cin ranka. A 'yan kwanakin nan ya samo sabon abin wa'azi, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, wadda ya ce mutanen duniya ne suka taru suka rubuta kyauta, ba kamfanin da ya mallake ta, kowa yana da ikon leƙa cikinta ya gyara. 'Yanci ke nan, in ji shi, a gidan da ko labule ba a canzawa sai da izininsa.

Umma ba ta damu da manhaja ba. Abin da ya dame ta na cikin tsohuwar manhajar da ke kan kwamfutar: hotunan Aku tun ranar da aka haife ta, da muryar marigayiya mahaifiyar Umma tana yi wa jaririyar wasa. Tun da tsohuwar wayarta ta faɗa ruwa, ba su saura a ko'ina ba sai nan.

"Baban Aku, kayana fa?"

"Wa ya ce zai taɓa kayanki? Rumbun ajiyar zan raba biyu, kamar a ja katanga a tsakiyar ɗaki. Tsohuwar na gefe, sabuwar na gefe, in an kunna mutum ya zaɓi inda zai shiga. Wurin da ba kowa kaɗai zan yanka."

Aku ta ɗago kai. "Abba, ka dai yi sallama kafin ka shiga, ko da mai wurin yana ciki."

Umma ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce da ana sayar da baki da tuni sun yi arziki, sannan ya danna. Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan.

Suka ce yara ne. Washegari da magariba aka sake, jifa ɗaya bayan ɗaya, da tazara, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Injiniya ya zagaya gidan da tocila bai ga kowa ba. Umma ta tsinci duwatsun a tsakar gida da safe, ta ji su da ɗumi, ta zubar ba ta gaya masa ba.

Kwamfutar dai ta yi yadda ya ce. In an kunna sai baƙin allo ya fito da layi biyu, nasa a sama, na Umma a ƙasa, kuma ya saita ta yadda in ba ka yi saurin zaɓa ba ta wuce da kai ɓangarensa. Kullum sai ta wuce da Umma. Kullum sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Abu kaɗan ma ya gagare ki." Sai Aku ta zo ta bayanta ta ɗora haɓa a kafaɗarta, ta ce, "Bari in shigar da ke, Ummata ta kaina," ta danna mata.

Aku ce ta fara ganin layi na uku. Yana ƙasan na Umma, ba rubutu a kansa, fari fat. Suna kallo alamar zaɓi ta sauko da kanta ta tsaya a kansa, injin ya yi wani dogon nishi, allon ya mutu. Daga cikin akwatin suka ji kamar ana jan kaya a ƙasa. Umma ta kama hannun 'yarta suka koma kicin, suka zauna can har maigidan ya dawo.

"Ƙwayar cutar kwamfuta ce," ya ce, "kuma daga tsohuwar take. Na san ba za su zauna lafiya ba."

Umma ta ce, "Ka bar ta haka, don Allah. Mu rufe ta mu nemi wanda ya sani."

"Wanda ya sani," ya maimaita, yana murmushi.

Ranar da Umma ta tafi kai wa wata mata ɗinki ya goge komai. Injin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ta dawo ta tarar ba baƙin allo, ba zaɓi, sabuwar manhajar ta cinye rumbun duka. Ta tsaya da mayafi a hannu ta tambayi hotunan. Ya ce ai abin ya yi tsaf yanzu, ta ga yadda yake gudu kuwa? Ta shiga ɗaki ta yi kukan uwarta karo na biyu, kuma wannan ya fi na farko ciwo, don wancan Allah ne ya karɓa.

Da magaribar nan ba a yi jifa ba. Shirun ya fi jifan nauyi. Aku ta tashi daga cin abinci ta je kusurwar falo ta tsuguna kusa da kwamfutar, ta juya musu baya. Umma ta kira ta. Muryar da ta amsa ta tsoho ce, busasshiya, mai gajiya.

"Ba ta nan. Ki jira."

Haka aka shiga. Da safe in yarinyar ta buɗe ido sai ta ƙura wa rufi ido, Umma na tsugune a gefenta tana kiran sunanta da sauri da sauri, don ta lura in ta riga kira Aku ce ke tashi, in ta makara tsohon ne. Ranar da ta samu 'yarta, Aku takan riƙe ta ta ce, "Umma, wurin ya yi mini kaɗan." Ranar da ta makara, sai a wuni da baƙo a kusurwa, ba ya ci, ba ya ɓarna, yana ta lissafa kayan da ya rasa. Umma ta daina ɗinki. Tsoronta ɗaya ne, ranar da za ta kira a ƙi amsawa gaba ɗaya.

Injiniya ya kai yarinyar asibiti aka ce ba a ga komai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maƙwabta, da yadda suke yin shiru in ya wuce. Da Umma ta ce za ta kira wani malami mai ruƙiyya, sai ya ce ta kira, a gama wannan abin kunyar.

Malam ya zo da la'asar sakaliya, dattijo mai sanyin murya. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Rana tana sauka, karatu yana tafiya, har jikin Aku ya fara rawa, ta juyo da wata irin fuska da Umma ba ta haifa ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ya kawo ka jikin yarinya?"

"Mu masu zama inda ba kowa ne. Kango, rami, bayan tulu. Yanzu kun cike ko'ina da gini. Na sami fili a cikin akwatin can, shekara da shekaru, ban taɓa musu ko hoto ɗaya ba. Matar nan in tana sauraron muryar uwarta, tare muke ji." Idon ya koma kan Injiniya. "Ya zo ya ja katanga ta kan shimfiɗata. Na ƙwanƙwasa, bai amsa ba. Na nuna masa ƙofata, sai ya rushe gidan duka. Yarinyar ce kaɗai ta ce a yi mini sallama, shi ya sa na san tana da wuri."

"Zalunci ka rama da zalunci. Ita ba ta yi maka komai ba. Za ka fita."

"Zan fita, karatunka ya fi ƙarfina. Amma kayana sun cakuɗe da nata. In an ba ni lokaci, in tsince nawa ɗaya bayan ɗaya, in bar mata nata. Zuwa sabon wata na gama. In kuwa yau ake so, to a dunƙule zan kwasa, ba na iya bambancewa."

Malam ya ƙare wa yarinyar kallo. Sannan ya juyo ya ce irinsu suna ƙarya, amma shi a ganinsa wannan bai yi kama da mai ƙarya ba, kuma haƙuri ya fi. Zai riƙa zuwa kullum yana karatu har a rabu lafiya.

"Mu jira," Umma ta ce. "Baban Aku, na roƙe ka, mu jira. Ni zan zauna da ita."

"Kullum mutumin nan yana shigo mini gida unguwa na kallo? Ana ciniki da ƙwayar cuta ne?" Ya gyara zama. "Malam, a cire shi yau."

Malam ya ce, "Ka dai ji abin da ya ce."

"Na ji. Ni ne ubanta."

Umma ta kama ƙafarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya janye ƙafar a hankali, kamar mai gudun taka ruwa. Malam ya ce shi ba zai ƙara ko aya ɗaya a kan wannan ba. Sai bakin yarinyar ya yi murmushi.

"Ba sai ka karanta ba, Malam, maigida ya yi magana. Kai mai katanga, ka tabbata?"

"Na tabbata."

Aku ta yi atishawa, ta kife a jikin uwarta. Labulen falo ya ɗaga ya koma, ko iska babu. Malam ya tashi ya sa takalmansa, ya ƙi karɓar komai, ya ce wa Umma Allah ya ba ta haƙuri. Ba a sake jifa a gidan ba.

Da safe yarinyar ta farka da kanta. Ta ci abinci, ta wanke kwanonta, ta zauna da hannuwa a cinya. Tana magana, tana karatu, tana gane cokali da ƙofa. Ba ta san ɗakinta ba. Ba ta san waƙar da take damun su da ita ba. Injiniya ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Kin gani? Ta warke. Har surutun ya tafi."

Umma ta zauna gabanta ta ce mata ita ce uwarta. Yarinyar ta saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa baƙuwa a mota. Umma ta ba ta labarin ranar haihuwarta, da kakarta, da haƙorin da ta karya a bakin ƙofa, tana yi tana duban idonta ko wani abu zai motsa. Da labari ya ƙare ta tashi ta sami mijinta gaban kwamfutarsa.

"Ko hoto ɗaya," ta ce. "Ɗaya tak, ina riƙe da ita, in nuna mata."

Bai juyo ba. "Wa ya hana ki ajiye kwafi?"

Ta koma kan kekenta don ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta ɗauki rigar nan da ba ta gama kafa wa hannu ba. Can ta ji takun yarinyar ta bayanta, daidai inda takan tsaya, sai Umma ta saki allura ta sassauta kafaɗa tana jiran nauyin haɓa. Yarinyar ta tsaya nesa kaɗan, ta rusuna.

"Baiwar Allah," ta ce, "don Allah ina ne banɗaki?"