Layin Jan Biro a Jikin Gora

Tun da sassafe Malama take safa da marwa tsakanin kicin da ɗaki. Kwana biyu ke nan ɗanta Kumatu, ɗan wata takwas, yana fama da gudawa, ga shi yau ɗalibanta ke jarrabawar ƙarshe, hedimasta ya ce ko da rarrafe sai ta zo.

Ta haɗa abin da nas ta koya mata jiya: lita ɗaya ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Ta juye a gora, ta manna farar takarda a jiki, ta ja layi uku da jan bironta na makin.

"Baban Kumatu, duk sanda ya yi, ka ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kafin in dawo ya kai layin ƙasa."

Surukarta, wadda ta zo jinyar jika, ta tafa hannu daga kan kujera. "Ikon Allah! Ruwa ke fita, ku kuma ruwa kuke ɗurawa? Bakwai na raina, 'yar nan. In ciki ya ɓaci, hana ruwa ake yi har ya ɗaure."

"Mama, nas ta ce..."

"Nas ɗin ta haihu?"

Malama ta ɗauki jakarta ta fita. Mijinta ya biyo ta har bakin shagonsa na ɗinki da ke ƙofar gida. Wannan fa shi ne telan da kafin aurensu ya shekara yana rage mata hannun riga da gangan don ta dawo gyara, har ya samu ya faɗi abin da ke ransa. Ya riƙe mata jaka, ya rage murya.

"Haba sahibata, kwantar da hankalinki. Ni da hannuna zan ba shi. Na yi miki alkawari."

Da wannan alkawarin ta tsaya a kan ɗalibai awa biyar. Da aka fita tara ta kira shi, ya ce, "Muna kan layi na biyu." Har da hamdala ta yi.

Ƙarfe biyu ta shigo, gorar ta fara dubawa. Ruwa na kan layin ƙasa cif-cif, ko gashi bai wuce ba. Daɗi ya kama ta, ta ɗauki yaron ta ba shi nono. Ya ɗan taɓa, ya saki. Ta duba nafkin, a bushe ƙamas. Ya buɗe baki zai yi kuka, babu hawaye ko ɗigo.

Gabanta ya faɗi. Ta matsa bakin taga don ta gan shi a haske. Idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, kumatun nan da suka ja masa suna sun zube. A nan ta ga kiyashi, layi guda tun daga bango har cikin tukunyar da ta shuka fulawa, kamar an zuba sukari. Kwana uku ba ta ba fulawar nan ruwa ba, amma ƙasar jiƙe take sharkaf. Ta waiga kan tebur. Cokalin na nan cikin tsumman da ta naɗe shi da safe.

"Baban Kumatu!"

Ya shigo da tef a wuya. Ta nuna masa tukunyar. Ya sunkuyar da kai.

"Mama ce ta rantse in na ba shi ba ta yafe ba. Ke kuma na san za ki duba gora. Sai na ce bari in... don a zauna lafiya..."

"Ka zubar? Ka tsaya ka auna, kamar kana yanka yadi, ka zubar daidai layi? Na kira ka, ka ce kuna kan layi na biyu! Da ka ce min ba za ka iya ba, wallahi da na bar jarrabawar, ko da aikin zai tafi. Mama ba ta ɓoye min ra'ayinta ba, a fuskata ta faɗa. Kai ne ka ci amanata!"

"Sori, don Allah..."

"Riƙe sorinka. Nemo mota!"

A asibiti sai da aka soki Kumatu sau uku kafin a samu jijiya. Nas ta rataye ledar ƙarin ruwa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ba gudawar ce ke kashe yara ba, bushewar ce. Da kun ƙara awa biyu, da wani zancen ake."

Malama ta zauna a bakin gado tana kallon ɗigon ruwa. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kira gidansu ta kai ƙara ba, amma zuciyarta ƙuna take. Mijin na tsaye jikin bango, ta ƙi ko kallon inda yake.

Can surukar ta matso, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"'Yar nan, na ce miki bakwai na raina. Tara na haifa. Biyun nan, da irin wannan ciwon suka tafi. Shekara talatin ina cewa kwana ne ya ƙare."

Malama ta sauko ta rungume ta, suka yi ta kuka.

Washegari da rana Kumatu ya callara kuka da hawaye shaɓe-shaɓe, nas ta ce a fara ba shi ta baki. Telan ya durƙusa, ya miƙo hannu. Malama ta daɗe tana kallonsa kafin ta sa masa cokalin.

"Na yafe don Allah. Amma ka sani, layin nan don in sauƙaƙa maka na ja shi, ba don ina zarginka ba. Yanzu kai ka koya min zargi."

Bai kare kansa ba. Wata da watanni yana gyara abin da ya ɓata, ita kuma ta daure ba ta goranta masa ko sau ɗaya ba. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba a yin ta da ƙarya, ba a kuma yin ta da ran yaro. Da ya faɗi gaskiya ga ɗayarsu tun da safe, da babu wadda ta yi kuka.

Bayan shekara cikin Kumatu ya sake ɓaci. Malama ta haɗa ruwan, ta ɗauki jan biro, ta tsaya. Mijin na bakin ƙofa yana kallon hannunta. Ta mayar da biron jaka, ta miƙa masa gorar babu layi ko ɗaya.

"Sai na dawo," ta ce.