Me Kika Zuba a Kofi na Uku?

"Nelcy, me kika zuba a kofi na uku?"

Cokalin hannunta ya suɓuce ya faɗi. Arbey na tsaye a ƙofar ɗakin ɗanɗano da farar sandarsa, ya fuskanto ta kamar yana ganinta.

"Gahawa mana... me kuma zan zuba?"

"Kar ki min haka. Muryarki rawa take."

Jiya ya yi jarrabawar, aka ce ya ci. A kamfanin gahawar mahaifinta, Don Efraín, duk mai son aikin ɗanɗano sai an jera masa kofuna uku-uku, biyu iri ɗaya, ɗaya da ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba, ya tsamo shi da harshensa. Tun da cibiyar koya wa makafi sana'a ta turo Arbey yake koyo, tun lokacin kuma Nelcy ta kamu da sonsa. Baban kuwa bai ɓoye ba, yana gutsurar arepa, wainar masara, ya ce in yaron ya faɗi, babu aiki, babu zancen aure.

Nelcy aka sa ta haɗa kofunan. Tsoro ya ci ƙarfinta, ta riƙa zuba ƙonanniyar gahawa a na dabam ɗin, irin wadda ko mai mura zai gane. Wai ita nan taimako ta yi!

"Yuliana ce ta faɗa maka ko?" ta ce da ƙyar. Yuliana 'yar baffanta ce, ta daɗe tana harin kujerar mai ɗanɗanon.

"Ta faɗa a gaban ma'aikata, har da dariya. Amma tun jiya harshena ya gaya min, na yi ta ƙaryata shi saboda ke ce."

"Masoyina, tsoro na ji... tsoron kar a raba mu!"

"Tsoron ba zan iya ba dai."

Gaskiya ya faɗa. Kunya ta lulluɓe ta har ta ji ta tsani hannuwanta.

"A mota ana miƙo min sadaka ban roƙa ba," ya ce a hankali. "Na saba. Ban zaci har ke ba, Nelcy."

Ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa ya yi nisa, ita kuma ta durƙushe tana kuka.

Da kanta ta je ta sami mahaifinta wajen injin suyar gahawa.

"Baba, laifina ne. Bai san komai ba, wallahi bai sani ba."

"Na sani," ya ce bai ko kalle ta ba. "Ya riga ki zuwa. Wai in soke sakamakon, in sake haɗa masa kofunan da hannuna. Kin zubar min da mutunci, 'yar nan, nasa kuma kin fi zubarwa."

Washegari aka sake. Nelcy na waje jikin taga, ta dunƙule hannu a ƙirji, tana jin zuƙarsa daga cokali. Ya ci na farko, ya ci na biyu. Daga baya ya daɗe a kan wani jeri, ya nuna kofin da ba shi ba. Ya sake kuskure a na ƙarshe.

"Ba ka ci ba," in ji Don Efraín.

Yuliana ta yi murmushi.

"Amma ba ka tafi ba. Ka ci gaba da koyo, girbi mai zuwa mu sake. Zancen 'yata kuwa... kai ka san ko za ka iya da ita."

Arbey ya fito. Ta sha gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni na ja maka... da ban taɓa ba..."

"Da ba ki taɓa ba ma faɗuwa zan yi, uwar rigima. Yau na san inda harshena ya tsaya. Kin san daɗin hakan?"

"Ka yafe min?"

"Ban gama ba tukuna. Kawo gwiwar hannunki, in ƙarasa a hanya."

Suka gangara ta cikin gonar gahawa. Ruwa ya zaizaye wani rami a gabansu, hannunta ya motsa zai janye shi gefe. Ta cije leɓe ta daure.

"Akwai rami a gabanka, masoyi."

Ya lalubo bakinsa da sanda, ya tsallake.