Akushin Inna Haulatu

Tun da mijinta ya rasu, Kubura ta rage ita kaɗai a gidansu na Sandamu. 'Yarta Rauda, da ke koyon ɗinki a Daura, sai ƙarshen wata take leƙo ta. A wani zuwan ne Rauda ta buɗe ɗakin kakarta, marigayiya Inna Haulatu, wanda ya shekara shida a rufe. Ta kwaso tsofaffin kayan jere: ƙore, faya-fayai, 'yar kujerar katako, da wani baƙin akushi mai tsaga a gefe. Ta ce yanzu a gari ba a zubar da irin waɗannan, fenti mai ruwan ƙasa ake shafa musu, a ɗan kankare baki-baki, a rataye a bango. Ƙaramin gwangwani ɗaya ta sayo, ta ce zai isa.

Gab da magariba ta gama da akushin. Ta cike tsagar da fenti, ta kife shi a tsakar gida ya sha iska. Kaji sun shige akurki, unguwa ta yi tsit. Kubura na alwala sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi, wata ta biyo ta. Ta leƙa lungu, babu kowa.

Washegari, daidai lokacin, jifan ya dawo, tare da wata 'yar ƙwanƙwasa a jikin akushin, a hankali, kamar baƙon da ke jin nauyin masu gida. A rana ta uku Rauda ta daina cin abinci. Ta durƙusa gaban akushin tana karce fentin da farce har jini ya fito. Da uwar ta riƙe hannunta, sai ta ɗago ta kira ta da sunanta ƙarara, cikin muryar tsohuwa. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Kubura ta aiki Baure, wani yaron unguwa, aka ɗauko Malam Nu'uman, mai yi wa masu iska karatu.

Bayan la'asar ya iso. Ya zauna bakin tabarma ya daɗe yana karatu, inuwar katanga tana tsawo, kafin jikin Rauda ya ɗauki rawa. Ya tambaya ko wace ce.

"Ba cuta na zo yi ba, Malam. Ƙofata aka rufe."

Muryar ta ce shekara hamsin tana zaune cikin tsagar akushin nan. Haulatu kan yi kaɗin auduga da yamma tana magana ita kaɗai, ita kuwa tana saurare, tsohuwar ba ta taɓa sani ba. Bayan rasuwarta ta yi shekara shida a duhu, ba ta taɓa kowa ba. Ran da aka buɗe ɗakin ta fita kallon haske, ta dawo ta tarar an toshe.

Ta nemi a bar mata yarinyar, don jikinta da ɗumi, kuma ana yi mata magana. Malam ya ce wannan zalunci ne, ita ma ta sani. Ta ce to a kankare tsagar a mayar da ita ɗakin. Kubura ta buɗe baki za ta amince, Malam ya ɗaga mata hannu: wadda ta shiga jikin mutum sau ɗaya, ba a barin ta a gida. Sai dai a kai akushin bayan gonaki.

Sai muryar ta ce:

"To, Kubura ta ɗauke ni da kanta. Ta yi mini sallama."

Rauda ta yi atishawa sau uku, ta sulale, barci ya ɗauke ta.

Kubura ta kankare tsagar da wuƙa, ta rungumi akushin, Malam na biye da ita, har gindin wata bishiyar gawo a ƙarshen gonaki. Ta ajiye shi ta ce, "Allah Ya sada ki da 'yan uwanki." Ba ta waiwaya ba.

Rauda ta warke. Ta rataye ƙoren da faya-fayan a bangon ɗakin, duk wanda ya shigo sai ya yaba, sannan ta koma Daura. Jifa bai sake faɗowa ba. Kubura ta mayar da tabarmarta ɗakin. Idan rana ta yi ja, takan zauna ta yi ta ba da labarin akuyarta da gonar da ba a nome ba, da murya sama, alhali ta fi kowa sanin babu mai saurare.