Gurbin da ke Tsakiya

Maganin zuciya ta zo saya wa mahaifinta a kyamis ɗin wani saurayi. Da saurayin ya karanta takardar asibitin ya ɗago kai, sai ya ga idanunta sun kaɗa. Tun ranar ya rasa sukuni. Yana ce mata 'Yar Malam, ita kuma tana tsokanarsa da Likitan Kanti.

Mahaifin nata tsohon malamin lissafi ne, mutum mai kafiya, ciwo ya cinye shi amma bai taɓa bakinsa ba. Ranar da saurayin ya je gaisuwa, tsohon ya nuna masa allon da ke jingine a falo: x² + __x + 12.

"Me ke tsakaninka da 'yata ban tambaye ka ba. Wannan tsakiyar za ka cike min. Wani ya riga ka zuwa, ya ce bakwai, na nuna masa ƙofa. Sau ɗaya nake karɓar amsa, kuma kafin a shiga da ni tiyata."

Ya yi sallama ya fito. A kanti ya yi ta juya abin: lambobi biyu da ninkinsu sha biyu, sai a tara su. Uku da huɗu, bakwai. Biyu da shida, takwas. Ɗaya da sha biyu, sha uku. Ya tura mata saƙo:

"'Yar Malam, na gano! Amsoshi uku ne."

"Na yi wa Baba alkawari ba zan sa baki ba. Don Allah kada ka zo tukuna."

Daga nan shiru. Ya kira har ya gaji, ya ɗauka wancan manemin na farko ne ya dawo. Sai ga saƙo:

"Baba ya faɗi. Muna asibiti. Tsoro nake ji, Likitana."

Ya same ta a baranda tana kuka marar sauti. Ya zauna gefe, shi ma zuciyarsa a karye. Yana tunanin shi da ita, kowa da raunin da ya zo da shi, sai abin ya faɗo masa: ragi sau ragi ai ƙari ne.

Ya shiga ɗakin, tsohon na kwance, numfashi sama-sama.

"Baba, amsoshin guda shida ne. Bakwai, takwas, sha uku, sai kuma ragin kowannensu. Ragi uku sau ragi huɗu ma sha biyu ne."

Tsohon ya lumshe ido, har suka tsorata.

"Kowa ɓangaren ƙari yake hangowa," ya ce da ƙyar. "'Yata kuwa kwanakin ragi za ta shiga. Kira min ƙanena."

A ɗakin aka yi maganar aure, kawunta ya karɓi waliccin. Ana tura gadon zuwa tiyata tsohon ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Allah Ya yi muku albarka. Ko na fito ko ban fito ba, a ɗaura. Allon nan kuma kada wanda ya goge."

An ɗaura bayan tiyatar, tsohon yana kan keken guragu yana mita wai an yi jinkiri. Allon na falon ma'auratan yanzu, gurbin tsakiya har yau babu komai a ciki.