Tsakuwar Gidan Tururuwa

Magaribar da aka fara jifan gidan Haj Mirgani ba ta da wani bambanci da sauran magaribun garin Atbara. An yayyafa wa tsakar gida ruwa, an fito da gadajen igiya, matarsa Hajja Sittana na zaune gaban gawayi tana jiran shayi ya tafasa. Shi kuwa maigidan yana ɗakin baya, inda yake kullum, wajen jirginsa.

Shekara talatin da takwas ya yi a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa. Da aka sallame shi ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya kafa faffaɗan katako a ɗakin baya, ya shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a kai, ya ɗora wani ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki. Ya yi tasha da kwali, ya yi gada, ya yi tankin ruwa. Abu guda ya gagare shi: tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo. Yashin kogi ya yi laushi, dakakken dutse ya yi girma, kowace ƙwara ta fi kan ɗan direban da ke cikin jirgin. Har tukar gahawa ya gwada, kyankyasai suka zo suka yi biki. Shekara uku yana wannan fama, Hajja Sittana tana cewa ta aurar da 'ya'ya uku ba ta sha wahalar da yake sha a kan tsakuwa ba.

To, ran nan ya samu. A wata tsohuwar tasha bayan gari, wadda jirgi ya yi shekara ashirin bai bi ta ba, ya ga gidan tururuwa. Sun tara 'yan ƙwarorin tsakuwa a bakin raminsu, jajaye masu duhu, girmansu ɗaya kamar an tace da rariya. Rana na faɗuwa, murna ta hana dattijon ko bisimilla. Ya kwance rawaninsa ya kwashe tas. A gida ya wanke, ya soya a kasko don kada ƙwari su biyo, ya baza tsakanin dogo da ɗan burushi, sannan ya ɗiɗɗiga gam da aka sirka da ruwa, yadda ake yi, ta bushe ta kame kamar siminti.

A magaribar da aka fara jifan ne ya fara kunna jirgi a kanta. Zagaye uku jirgin ya yi aka ji ƙas a kan kwanon rufi. Aka sake ji. Daga nan jifa ya yi ta sauka a hankali, ba gaggawa, alhali ba kowa a lungu. Autarsu Ikhlas, malamar firamare mai shekara ashirin da shida, ta taho da faranti cike da kofuna, ta tsaya cak a tsakar gida. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Uwar ta kira sunanta har sau huɗu, ba ta waiga ba.

Mako bakwai aka yi a haka. Da rana Ikhlas tana kwance fuskarta na kallon bango, ba ci, ba magana. Magariba na yi jifa zai fara, ita kuma ta kama nishi da wata murya wadda ba tata ba. An je asibiti, an je Khartoum, an dawo da ledar magani da gajiya. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Abin tausayin, duk sa'ad da nishin ya fi ƙarfin zuciyar Haj Mirgani, sai ya gudu ɗakin baya ya kunna jirgi ko ya ji sanyi. Bawan Allah bai taɓa lura cewa jirgin ke riga jifan tashi ba.

Faki Hamad an-Nil, malamin ruƙiyya, ya zo wata Alhamis bayan la'asar, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda shi ma daga gani ya gaji da irin wannan kira. Ya sa aka zaunar da ita a tabarma, uwar ta riƙe ta, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai kan Ikhlas ya ɗago. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf, ba tsawa, ba zagi.

"Ya isa, Faki. Kai ma ƙara min ciwon kai kake."

Faki ya tambaye ta ko wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Ta ce sunanta ba zai amfane shi da komai ba, yarinya kuma ba ta yi mata laifi ba. Ƙarƙashin gidan tururuwar nan take tun kafin a kawo dogo. Shekara saba'in jirage na bi ta kanta dare da rana, ta haƙura, don ba ta da inda za ta. Da aka rufe tashar ta ce alhamdulillahi, ta kwanta.

"Ina cikin barcina wannan tsohon ya yaye min rufi, ya kwaso ni a rawani, ya soya ni a kasko. Ban ce komai ba. Sai kuma ya ɗora min jirgi. Wancan aƙalla yakan wuce. Wannan ba ya zuwa ko'ina, zagaye kawai yake."

Haj Mirgani ya zauna a ƙasa.

Tsohuwar ta ce kan yarinyar shiru ne, ya yi mata, a bar ta a ciki. Faki ya ce wannan kam babu, ya ɗauko karatu daga inda ya tsaya. Ta yi dogon nishi ta ce to, a mayar mata da rufinta, ƙwara ɗaya kada ta rage, da hannun wanda ya kwasa, kafin rana ta faɗi gobe. Haj Mirgani ya ce zai yanka rago, zai kai mata buhun tsakuwa wadda ta fi waccan.

"Ni yunwa na ce maka ina ji? Barci nake so."

"Baiwar Allah, na riga na liƙe ta da gam. In na ɓamɓare, komai ya tafi."

"Da za ka liƙa ka tambaye ni?"

Faki ya sa ta rantse da alkawarin Annabi Sulaimanu, ta rantse, kan Ikhlas ya koma kafaɗar uwarta. Da zai fita ya dubi maigidan ya ce, "Haj, ba ni da sauran karatu. Abin da ya rage naka ne."

Ba zan ɓoye ba, da safe Haj Mirgani ya daɗe tsaye a bakin ɗakin baya, buta cike da ruwan ɗumi a hannunsa, yana jin kunyar kansa da har ya tsaya. Sannan ya zuba. Gam ya jiƙa ya saki, tashar kwali ta sha ruwa ta durƙushe, gada ta bi ta. Ya sa cokali yana kankara, dogo yana lanƙwashewa yana tashi. Hajja Sittana ta shigo da rariyar garinta, ta durƙusa tana tace ruwan da ya zuba ƙasa, ƙwara ƙwara. Yau kam ba ta yi masa gori ba. Sai bayan la'asar suka gama, bayansa ba ya miƙuwa.

Ya isa tsohuwar tashar rana ta yi ja. Ya yi sallama a bakin ramin, ya yi bisimilla, ya juye, ya kakkaɓe rawanin har sau uku. A daidai lokacin, in ji Hajja Sittana, Ikhlas ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Da ya dawo ba a jifa. Ya sami Ikhlas tsaye a ƙofar ɗakin baya, ta rame, ta dafa bango, da gutsuren kisra, gurasarsu ta dawa, a hannu. Ba ta tuna komai ba cikin makonnin bakwai. Tana kallon jiƙaƙƙen katako da karyayyen dogo, idonta ya cika da hawaye.

"Baba, wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya jawo ƙofar ya rufe a hankali.

"Ni ne, 'yata. Tsakuwar ce ba ta yi ba. Zo ki ƙarasa abincinki."