Littafin da Nafi'u Ya Cusa a Layin Kiwon Kaji

Yaya Luba ta rage hasken fitila, ta harari 'ya'yan kawunta da ke jere a tabarma. "Duk wanda ya katse ni, na fasa ba da labarin. Ku matso."

Nafi'u ɗan ajinmu ne a kwaleji. Kwas ɗaya ya kayar da shi sau biyu, na uku kuwa kora ce. Jarrabawa saura kwana uku, littafin kwas ɗin ya gagara samuwa. Guda ɗaya tal ne a laburare, shi ma wani mugu ya ɓoye. Haka ɗalibai muke, Allah ya yafe mana. Ka zare littafi daga kantarsa, ka cusa shi a layin da ba mai zuwa, kai kaɗai ka san inda yake.

Ya zaga garin nan kaf. Kantin littattafai, babu. Masu fotokwafi, babu. Har shagon masu tura fim a waya ya leƙa, ko suna da shi a kwamfuta.

"Littafi kuma?" in ji mai shagon. "Akwai dai sabuwar fassarar Indiya, da zafinta."

"Indiyar zan rubuta a jarrabawa?"

Ya ja tsaki ya fice, ransa a dagule. Bayan isha'i, don haushi, ya ƙi bin titi, ya yanke ta 'yar hanyar da ke bayan laburare. Shi kaɗai.

Yana shiga, kukan gyare ya ɗauke ɗif. Gindin tsamiya ga wani dattijo ya baje littattafai a tabarma. Ba fitila, ba wata, amma karatu yake, yana buɗa shafi a hankali.

Nafi'u ya yi sallama. Mutumin na gabansa, amma amsar ta bayan kunnensa ta fito.

"Baba, na sayarwa ne?"

"Na aro ne."

Ya durƙusa ya haska da waya. Kowane littafi da hatimin laburare.

"Waɗanda kuka ɓoye kuka manta ne," in ji muryar. "Ni nake bi ina tsincewa. Ga naka."

Bai faɗi sunan littafin ba fa! Amma shi ne, har da bangonsa kore. Garin karɓa, hasken wayar ya faɗa kan ƙafar dattijon. Diddige a gaba, yatsu a baya.

"Kwana biyu. Ka mayar da shi kantarsa. Kantarsa, ka ji?"

Nafi'u bai san lokacin da ya iso ɗaki ba. Takalminsa ɗaya can ya kwana.

To amma tsoron kora ya fi tsoron aljani. Ya zauna ya karance littafin nan tas, komai ya zauna masa daram. Ana gobe jarrabawa ya kai shi laburare, har ya miƙa hannu kantar. Sai ya hango 'yan ajinmu suna ta dube-dube, wata har da hawaye. Zuciya ta ce masa, kai ka ga tashin hankali, su zo su ɗauka a ɓagas? Kaico, Nafi'u! Ya zarce can ƙurya, ya cusa shi a layin littattafan kiwon kaji.

Washegari aka raba takarda. Ya duba tambayoyin, ya yi murmushi, duk ya san su. Ya ɗora biro. Shiru. Amsar na nan cikin kansa, yana jin ta, amma ba a inda ya ajiye ta ba. Ya laluba, sai ya ji yadda ake haɗa abincin 'yan tsaki. Ya sake lalubawa, sai maganin murar kaji. Mutumin da ko ƙwai bai taɓa kiwo ba! Awa uku yana zufa, yana cizon biro, kamar ya kurma ihu.

Malami na cewa a ajiye biro, komai ya dawo masa, layi bayan layi. A bayan kunnensa aka ce, "Na ce maka kantarsa."

Ƙaramar cikinsu, Hajjo, ta ƙanƙame hannun Luba. "Yaya, an kore shi?"

"An kore shi mana. Yana garinsu yanzu da kaji dubu biyu, ko ɗaya ba ta taɓa mutu masa ba. Amma ko sau ɗaya ban ga ya yi dariya a kansu ba."

Ta hure fitilar.

"In kun je makarantar nan, hanyar bayan laburare ba a bin ta mutum ɗaya. Littafi kuma, inda kuka ɗauke shi, nan za ku mayar."